Kada ka tsallake babin, Malam, ka faro shi daga rumbu

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta zo, daga wani matashin malamin SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, da ke shekararsa ta biyu da riƙe alli. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Baba, ina koyar da ajin ƙarshe a wani lise, ɗalibai 74. Darasin gado da na muhalli suna haddace su ne kawai saboda jarrabawar bak, in na sauya tambaya kaɗan sai su ɓace. Ran da na taɓo maganar sauyawar halittu, wani yaro, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin, ya miƙe ya ce, 'Mushe, wato kakanmu biri ne?' Aji ya ruɗe, na rasa ta cewa. Bayan kwana biyu mahaifinsa ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta, wai ina ɓata wa yara imani. Ni kaina mai salla ne, maganar ta hana ni barci. Abokan aikina sun ce in rubuta musu taƙaitaccen bayani a allo su kwafa, in wuce. Me kake gani?"

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne yaron nan. Cikin mutum 74, shi ne ya saurare ka har magana ta taɓa shi. Da yawa daga waɗanda suka yi shiru ba gamsuwa suka yi ba, jira suke a tashi. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Na yi shekaru masu yawa a gaban allo, kuma irin waɗannan yara su ne daga baya na riƙa tararwa sun zama likitoci da malaman gona.

Shawarar abokan aikinka ban yarda da ita ba. Yara suna jin warin tsoro a jikin malami. In ka tsallake babin, abin da za su koya shi ne akwai ilimin da ake ɓoyewa, kuma za su je su nemo shi a wayoyinsu, wurin mutanen da ba su san kimiyyar ba, ba su kuma san addinin ba. Sai dai ina ganin ka shiga gidan ne ta katanga. Ka faro daga wurin da ya fi nisa da idon yaro, ya kuma fi zafi a zuciyarsa. Ƙofar tana nan kusa, a rumbun gidansu.

Ka ce kowa ya zo da zangarniyar hatsi guda daga gida ko daga dangi na ƙauye. Ka baje su a kan tebur. Wata doguwa siririya, wata gajera mai kauri, wata tsabarta fara, wata ta yi duhu, wata mai gashi da tsuntsu ba ya son sauka a kanta. Ka tambaye su yadda kakanninsu ke fid da iri. Za su gaya maka da bakinsu: a lokacin girbi ake ware zangarnun da suka fi cika, a ɗaure su daban, ba a taɓa su ko yunwa ta matsa. Daga nan ka tambaye su shibra. Ɗan Adar da ya taɓa riƙe hauya ya san ta, wannan da ke fitowa cikin gona kamar hatsi, ta riga shi nuna, tsabarta na kakkaɓewa ƙasa da kanta. Shibra tana samuwa ne daga cakuɗuwar hatsin gida da danginsa na daji, don iska ce ke kai garin furen wannan kan wancan. Hatsin daji yana zubar da tsabarsa domin ta haka yake yaɗuwa. Manoman farko kuwa wanda bai zuba ba shi suke samu su girbe, shi suke shukawa baɗi. Shekara bayan shekara, har aka samu hatsin da ke riƙe tsabarsa yana jiran mai lauje. A nan Sahel ɗinmu aka yi wannan aiki, kuma an samu shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ta kimanin shekara 4,500.

Ka ga a awa guda ka ba su ginshiƙai uku ba tare da ka ambaci sunan kowa ba: ƴaƴan iri ɗaya suna bambanta, bambancin ana gadonsa, kuma ba kowa ke barin baya daidai da kowa ba. Hausawa sun riga sun ajiye maka karin magana ga biyun farko. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan gado ne. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, wannan bambanci ne. Na ukun kuma matan gida suna yin kwatancinsa kullum da rariya.

Akwai wani bincike da nake so kowane malamin SVT a ƙasar nan ya sani, domin a gonakinmu aka yi shi. A 1976 an tara irin hatsi daga ƙauyuka da dama na Nijar aka adana. A 2003 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa tare da abokan aikinsu ƴan ƙasa suka koma waɗannan ƙauyuka suka sake tarawa, sannan suka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Sunayen irin ba su sauya sosai ba, amma na 2003 ya fi saurin fid da kai. Da aka duba ƙwayoyin gadonsa, sai aka ga wani nau'in ƙwayar gado mai sa saurin fure ya tashi daga kusan kashi 10 cikin ɗari zuwa kusan 18. An buga sakamakon a 2011. Shekara 27 ke nan kacal, kuma a tsakaninsu aka sha farin 1984. Da damina ta gajarce, hatsin da ya makara bai kai ga ƴaƴa ba, wanda ya yi sauri shi ya shiga rumbu, shi ya koma gona. Ka rubuta wannan a allo ka ce musu, "Abin da littafinku ke kira sauyawar halittu, ga shi nan, a cikin furar da kuka sha da rana." Sai bayan haka ka kawo sunan Darwin da shekarar 1859, ka kuma gaya musu cewa shi ma da kiwon tantabaru da zaɓen makiyaya ya buɗe hujjarsa.

Wani abu da za ka yi fama da shi yana cikin harshenmu ne. Mukan ce ƙwayar cuta ta saba da magani, ko sauro ya saba da gidan sauro. Kalmar "sabo" tana sa yaro ya ɗauka ƙwayar ce ta yi ta shan wuya har jikinta ya yi ƙarfi, kamar yadda tafin manomi ke yin kanta. Ba haka abin yake ba. Ka tambaye su ko iyayensu sun taɓa ba su labarin Nivaquine, maganin masassara da a da babu gidan da ba a ajiye shi. Ina ya tafi? Cikin miliyoyin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, an samu ƴan kaɗan da aka haifa da wani ɗan sauyi da ya sa kulorokin, wato sinadarin Nivaquine, ba ya kashe su. Magani ya share sauran, su suka rage, su suka hayayyafa. An fara ganin haka a gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ya yi ta yaɗuwa har ya iso mu, dole ƙasashenmu suka koma ga haɗin magungunan da ake bayarwa yanzu. Maganin bai koya wa ƙwayar komai ba, tankaɗe kawai ya yi. Haka za ka gyara musu zancen raƙuman dawan Kure, in wani ya ce miƙa wuya ne ya sa wuyansu ya yi tsawo. Duk wanda ya gane wannan bambanci ya gane rabin babin, kuma ba zai sake yanke shan magani a tsakiya ba tare da ya yi tunani ba.

Yanzu haddar da kake kuka da ita. Darasin gado ba a koyon sa da kunne, da hannu ake koyon sa. Ka sayi wake tiya guda, fari da ja. Ka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da jaka biyu, ɗaya uba ɗaya uwa, kowace da fari 50 da ja 50. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a girgiza, a sake. Rukunin da ya ja sau 20 zai ga lissafinsa ya karkace, har su fara cewa littafi ƙarya yake. Bar su. Ka tara sakamakon ajin gaba ɗaya a allo, za su ga lambobin suna matsowa kusa da kashi ɗaya fari da fari, kashi biyu fari da ja, kashi ɗaya ja da ja. A nan ne za ka ba su labarin Mendel, wanda ya zauna a lambun gidan ibadarsu a Brno yana ƙirga tsaba ɗaya bayan ɗaya, ya samu rawaya 6,022 da kore 2,001, wato kusan uku bisa ɗaya domin gauraye ma rawaya yake fitowa, ya buga aikinsa a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900 bayan ya rasu. Yara suna son jin cewa da haƙurin ƙirga aka gano abin, don ƙirga suna iyawa.

Sai ka sauya wa waken suna. Fari ya zama A, ƙwayar gadon jini mai lafiya, ja ya zama S, mai ɗauke da ciwo. Ka shigo ke nan cikin amosanin jini, wanda mutanenmu ke ce wa emasi. Uba AS, uwa AS, dukansu lafiya lau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ka danna kan kalmar "kowane ciki". Mutane da yawa, har masu ilimi, sun ɗauka in an haifi mai ciwon guda to ukun da ke biye sun tsira. Jakar wake ba ta tuna abin da ya fito ɗazu, mahaifa ma haka.

A nan zan gaya maka wani kuskure nawa, domin kada ka maimaita shi. Wata shekara ina wannan darasi, na zana akwati mai gida huɗu na abin da ƴaƴan AS da AS za su iya gada, na nuna gidan SS na ce, cikin gaggawar in gama kafin a tashi, "Wannan shi ne wanda ba ya daɗewa." Wata yarinya a layi na biyu ta kifa kanta a kan tebur. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai nake gani suna motsi. Daga baya ƙawarta ta gaya mini ƙanenta ne ke kwance a gidan likita a wannan makon. Na je na ba ta haƙuri, amma maganar ta riga ta fita, kuma ba ma gaskiya ba ce yadda na faɗe ta, don masu SS da ke samun kulawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. A aji mai mutum 74 a ƙasar nan, ka tabbata akwai masu AS, kuma da wuya a rasa wanda ciwon ya shiga gidansu. Kada ka tambayi kowa rukunin jininsa a gaban jama'a. Ka gaya musu gwajin yana nan, a Yamai akwai cibiyar ƙasa ta wannan cuta, kuma sanin matsayin mutum kafin a kai kuɗin aure ya fi saninsa bayan an yi suna.

Yaro mai kaifin kai zai tambaye ka: in S tana da illa haka, me ya hana ta ƙarewa? Ka yi murna da wannan tambaya, ita ce igiyar da ta ɗaure darussanka uku wuri guda. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi aiki a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, yaro mai AS ya fi mai AA damar tsallake ƙuruciya, don haka S ta zauna. Ka ɗora taswirar zazzaɓi a kan taswirar amosanin jini su gani da idonsu. Kududdufin damina, sauro, jinin mutum da auren dangi, duk a lissafi ɗaya. Manhaja ce ta raba su babi-babi.

Tunda kana cikin gado, kada ka wuce ba ka faɗa musu cewa cikin kuromozom 46 da ke ɗauke da gadon ɗan Adam, biyu ne ke raba mace (XX) da namiji (XY): a nan uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y. Mata nawa aka yi wa gori, wasu har aka sake su, a kan haihuwar ƴaƴa mata? Ka kuma tuna musu hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Akwai mai toka-toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta janyo shi. Aka ce masa, to ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta janyo shi. Ban ce ka mai da aji wurin wa'azi ba. Amma yaron da ya ji wannan zai san cewa halin da ke laɓewa a kakanni ya ɓullo a jikoki ba baƙon zance ba ne a gidanmu.

Darasin muhalli kuwa, fitar da su waje. Ba ka buƙatar mota. Igiya mai mita huɗu da turaku huɗu sun isa. Ku je gonar da ke da gawo, ku auna murabba'i a ƙarƙashinsa da wani a fili, ku ƙirga tsiro, ku tona ƙasa ku duba launinta. Su yi tunanin itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya tara dabbobi a inuwarsa su bar taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In kun samu zangarniyar da murzuna ta yi wa zobe, ka ba su labarin ɗan ƙaramin zanzaron nan da malaman gona ke sakewa a gonaki cikin ƴan buhuna, yana sa ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. Jiharku cike take da darasi: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 don tare iska, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da ya soma a 1984, ramukan tare ruwan sama na tassa da rabin wata a faƙon Illela. Wasu daga iyayen ɗalibanka da hannunsu suka ɗauki duwatsun.

Duwatsun ma suna magana. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza a ƙarƙashin teku ta taru, kuma a tsaunukan Adar ana tsintar ragowar halittun ruwa da suka zama dutse. Ka nemi guda ka sa a hannun yaro, ka bar shi ya tambayi kansa yadda aka yi abin teku ya zo inda ake sayen ruwa a garwa. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan da aka tono a Gadafawa ta jihar Agadas, har da na wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, wanda ya rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce.

Bayan duk wannan tambayar yaron za ta dawo, kuma dole ka amsa ta. Kada ka yi masa ƙarya don a zauna lafiya. Ka ce masa babu masanin kimiyyar da ya ce birin da muke gani shi ne kakan mutum, kuma hoton nan na biri yana miƙewa a hankali har ya zama mutum ya ɓatar da mutane da yawa. Abin da masana ilimin halittu ke cewa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa asali mai nisa, da wanda ya fi kusa da shi a cikinsu shekara miliyan 6 zuwa 7, kuma hujjojinsu su ne ƙasusuwa irin ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta da aka sa wa suna Tumai, da aka samu a hamadar Chadi a 2001, da kamannin da ke cikin ADN, sinadarin da ke ɗauke da gado. Ka faɗe shi yadda yake, kada ka rage, kada ka ƙara. Sannan ka ce masa kimiyya tana bin sawun yadda abu ya gudana ne da abin da za a iya aunawa, ba ta da ma'aunin da za ta ce babu Mahalicci, kuma duk wanda ya ce ta faɗi haka ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Zancen Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zancen wahayi ne, malaman addini masu zurfi sun yi magana a kansa, ya je ya zauna gabansu da ladabi kamar yadda ya zauna gabanka. Ka faɗa wa ajin duka, a fili, cewa a jarrabawa ana tambayar su ne su bayyana abin da masana suka ce da hujjar da suka kafa, ba wanda zai nemi su sa hannu a kan abin da za su yi imani da shi. Na ga yadda wannan jimla guda ke sauke kafaɗun yara.

Kai ma da ka kasa barci, ina jin ka. Ba laifi ba ne mutum ya riƙe tambaya a zuciyarsa yana salla yana karatu. Ni na riƙe tawa shekaru, kuma ban taɓa duban zangarniyar hatsi ko fiffiken sauro a madubin ƙara girma na ji imanina ya ragu ba.

Mahaifin yaron kuwa, kada ka jira a haɗa ku a ofis. Ka sanar da shugaban makarantarku, ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya raka ka, ku je gida bayan la'asar. Ka gaishe shi da kyau, ka fara da gaya masa cewa ɗansa ne ya fi kowa a ajinka, domin gaskiya ce. Ka bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa, kada ka katse shi. In ya gama, ka nuna masa littafin da abin da za ka koyar mako mai zuwa. In manomi ne ko ɗan manomi, ka tambaye shi yadda mahaifinsa ke fid da iri, ka kuma roƙe shi ya ba yaron zangarniya biyu ya zo da su ranar Litinin, ɗaya ta iri, ɗaya shibra.